Ciwon Ciki da Fitar Baya a 'Ya'yan Kyanwa

Laccar da wani likitan dabbobi ya yi wa ɗalibai da sababbin ma'aikata 'yan ƙasar Daura

 

Sa'ad da wakilanku suka same ni da maganar wannan lacca, na tabbata sun zaci a kan shanu zan yi magana, ko kiwon ragunan layya, ko kuwa kaji, tun da yake su ne dabbobin da ake ƙirgawa da kuɗi. Da na faɗa musu abin da na zaɓa, sai na ga sakatarenku ya dubi ma'aji, ma'aji kuma ya dubi ƙasa. Ban ga laifinsu ba. A ƙasar da kasuwar Mai'aduwa ke cika da shanu da raƙuma kowace Lahadi, mutum ya miƙe gaban masu ilmi ya ce zai yi bayanin kashin ɗan kyanwa, ai sai a ce boko ya taɓa shi. To, ku yi mini haƙuri ku ji dalilina, sa'an nan ku yanke hukunci.

Ina shekara ta 2 a jami'a na zo gida hutu, cikin hunturu. A gidan goggona akwai wata kyanwa da ta haihu, kwana kaɗan tsakani ta ci ɓeran da aka sa wa guba a makwabta, aka wayi gari ta mutu a bayan rumbu. Ta bar 'ya'ya 4, ko idonsu bai buɗe ba. Da yake duk unguwa an riga an fara kirana Likita, sai aka ce to, ga aikinka ya samu. Na sayo madarar gwangwani mai zaƙi, na sirka da ruwan randa, na riƙa kwantar da su rigingine a tafin hannuna kamar jarirai ina ɗura musu da cokali, da dare kuma in sa su a kwali in ajiye a zaure. Ran kwana na 3 cikinsu ya kumbura tim kamar ganga, suna ta kuka, madara tana fita ta hancin ɗaya. Kafin kwana 5 babu ko guda. Goggo ba ta yi mini faɗa ba. Abin da ta ce kurum, "Allah ya ba ka lada, ɗana, ka yi iyakar ƙoƙarinka." Sai da na koma makaranta na yi shekara biyu kafin in gane cewa kusan duk abin da na yi musu da hannuna, shi ne ya ƙarasa su. Wannan lacca bashi ne nake biya.

Kafin mu shiga ciki, bari in ce wani abu game da ita kanta kyanwar, ko mage, ko mussa, kowa da yadda ake kiranta a gidansu. Masana sun tabbatar cewa kakar kyanwar gida ita ce kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, irin wadda har yau ake samu a dazuzzukan ƙasarmu. Ba igiya aka sa aka jawo ta ba. Mutum ya fara noma ya tara hatsi, ɓera ya biyo hatsi, ita kuwa ta biyo ɓera. A tsibirin Kubrus an tono wani kabari mai shekara kamar 9,500, aka tarar da mutum da kyanwa a binne kusa da juna, an kuwa bayyana wannan ga masana cikin 2004. Watau yarjejeniyar da ke tsakaninta da manomin Sandamu ko na Baure a kan rumbun gero, tsohuwa ce ƙwarai. Shi kuwa ɓera, ɓarnarsa ba ta tsaya ga hatsi ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara gane shi a garin Lassa na ƙasar Barno a 1969, wani irin ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci. Ban ce kyanwa maganin Lassa ce ba, rufe abinci da tsabtar gida su ne kan gaba. Amma gidan da ke da lafiyayyar kyanwa, ɓera ba ya cin kasuwa a cikinsa. Ta fuskar addini kuma ba sai na koya muku ba, kun san inda Sahabi Abu Huraira ya samo alkunyarsa, kun kuma san labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Malamai na nan, ba zan shiga gonarsu ba.

To, ɗan kyanwa. Ran da aka haife shi nauyinsa bai wuce giram 100 ba, ko ƙasa da haka kaɗan ko sama kaɗan. Makaho ne, kurma ne, idonsa ba ya buɗewa sai wajen kwana 7 zuwa 10. In yana lafiya yakan ƙara giram 10 zuwa 15 kowace rana, saboda haka duk wanda ke da ɗan ma'aunin kicin, ya fi ni sanin halin da yake ciki, domin ɗan kyanwar da ya yi kwana 2 bai ƙara nauyi ba, akwai magana, ko da kuwa ido bai ga kome ba. Nonon farko da uwa ke fitarwa, wanda makiyaya ke kira dakashi, shi ne garkuwarsa. Hanjinsa yana iya tsotse wannan garkuwa zuwa cikin jini ne kawai a ranar farko, daga nan ƙofa ta rufe. Wanda ya rasa dakashi a ranar nan, ya shigo duniya ba riga.

Abu biyu ne ba ya iya yi wa kansa, kuma su ne mutane ba su sani ba. Na farko, ba ya iya ɗumama jikinsa har sai ya kusa wata guda. Zafin jikinsa a makon farko digiri 35 zuwa 37 ne, alhali na babbar kyanwa 38 zuwa 39 ne, ɗan abin da yake da shi ɗin ma daga jikin uwarsa da 'yan'uwansa yake aro. Idan sanyi ya kama shi, hanjinsa yakan tsaya cik. Duk abin da ka ɗura masa a wannan hali ba zai narke ba, sai ya zauna a ciki ya ruɓe ya kumbura shi, ko ya dawo sama ya sarƙe shi. Kun san sanyin asubar Daura a watan Disamba da Janairu, kun kuma san abin da ake nufi da zaure mai ƙofa biyu. Shi ya sa doka ta fari ga wanda ya tsinci maraya ita ce, ɗumi kafin abinci. A sa shi cikin riga ya ji zafin jikin mutum, ko a cika gora da ruwan ɗumi a naɗe ta da tsumma a ajiye masa a gefe, a hankali, har sai an ji bakinsa da tafin ƙafarsa sun yi ɗumi. Ba a kara shi a wuta, ba a kuma barinsa ya shiga tokar murhu, ko da yake can zai nufa in ya samu hali.

Na biyu, wanda ya fi ba mutane mamaki, ba ya iya yin fitsari ko bayan gida da kansa sai ya kai wajen mako 3. Lasar nan da kuke ganin uwa tana yi masa a ƙarƙashin wutsiya bayan ya sha nono, ba wasa ba ne, ba kuwa wanka kawai ba ne. Ita ce ke motsa mafitsara da hanji su saki abin da ke cikinsu, uwar kuma ta haɗiye don kada wurin kwanansu ya yi wari. In babu uwa, wajibi ne mai reno ya maye gurbin harshenta. A samu auduga ko tsumma mai laushi, a jiƙa da ruwan ɗumi, a riƙa shafa wurin a hankali bayan kowane ci, har fitsari ya fito. Kashi yakan zo kamar sau ɗaya a rana, rawaya-rawaya, mai ɗan kauri. Wannan aiki na minti 2 shi ne ban yi wa marayun goggo ba ko sau ɗaya, domin babu wanda ya taɓa faɗa mini, ni ma ban tambaya ba.

Sai maganar madara. A tunaninmu madara madara ce. Ba haka ba ne. Nonon kyanwa ya ninka na saniya wajen sinadarin gina jiki, saboda haka ɗan kyanwar da aka rena da madarar shanu zalla, cikinsa a cike yake amma yunwa ke cinsa. Madarar gwangwani mai zaƙi ta fi muni, domin sukarin da ke cikinta jawo ruwa yake yi zuwa hanji, sai gudawa. Koko da kunu da fura kuwa, hanjin jaririn kyanwa bai san yadda zai yi da su ba sam. Abin da ya fi kome shi ne a nemi wata kyanwar mai shayarwa a unguwa a haɗa mata, sau da yawa sukan karɓa in an goga wa baƙon tsumman da 'ya'yanta ke kwana a kai. In ba a samu ba, akwai madarar gari da aka yi musamman domin 'ya'yan kyanwa, ana samunta a shagunan kayan dabbobi na manyan birane. Kafin a samo ta, ana iya tafasa madarar akuya ko ta saniya, a bari ta huce zuwa ɗumin jiki, a kaɗa gwaiduwar ƙwai a ciki, amma wannan na 'yan kwanaki ne. A ba shi yana kwance rub da ciki kamar yadda yake tsotson uwarsa, ba rigingine ba, da ƙaramin sirinji marar allura, ɗigo-ɗigo, kowace awa 2 ko 3 har da dare a makon farko. Tumbinsa ba ya ɗaukar fiye da kamar mililita 4 a kowane giram 100 na nauyinsa, ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ke nan. Wanda ya matsa sirinji da ƙarfi don ya gama da wuri, huhu ya cika, ba ciki ba.

Daga mako 4 ya fara lasar abinci, a mako 8 an yaye shi. A nan ma muna da laifi. Mukan raba shi da uwarsa da wuri don yaro ya yi kuka yana so, sa'an nan mu ajiye masa ɗumamen tuwo da miya. Kyanwa ba kare ba ce, naman dole take ci. Akwai wani sinadari, torin, wanda take samu a nama da kifi kaɗai. A 1975 aka gano cewa rashinsa yana makantar da ita, a 1987 kuma masu bincike a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka suka nuna cewa yana lalata mata zuciya. Babbar kyanwa takan cike giɓin da ɓera da ƙadangare, amma ɗan yaye bai iya farauta ba tukuna. Ɗan dafaffen nama, ko kifi da aka zare wa ƙaya, ko dafaffen ƙwai, sun wadatar. Miyar da aka sa wa albasa da tafarnuwa kuwa a nisanta ta daga gare shi, domin suna fasa ƙwayoyin jinin kyanwa. Bayan yaye ma yawancinsu ba sa iya narkar da ɗanyar madara kamar da, shi ya sa kwanon madarar da ake ba su don ƙauna yake komawa zawo.

Yanzu mu zo ga babban abokin gaba, tsutsar ciki. Idan kuka ga ɗan kyanwa da ƙaton ciki, ƙafafu sirara, gashi a tsaitsaye ba sheƙi, yau gudawa gobe amai, to, cikin zato na farko akwai macijin ciki, wanda a littafi ake kira Toxocara cati. Farin abu ne mai kama da taliya, yakan kai santimita 10. Abin ta'ajibi game da shi shi ne hanyar da yake bi. 'Ya'yansa sukan shiga jikin uwa, su bi ta cikin nononta su shiga ɗan tun bai taɓa sa ƙafa a ƙasa ba. Watau a nonon da ke rayar da shi, a nan yake shan cutar. Akwai kuma wata ƙaramar tsutsa mai ƙugiya da ke maƙale wa hanji tana shan jini. Alamarta ita ce dasashi ya yi fari fat, kashi ya yi baƙi kamar kwalta. Dabbar da duk jininta bai wuce 'yan cokula ba, ba ta da rarar da za ta ciyar da baƙi. Sai tsila, wadda ake ganin gutsattsarinta kamar ƙwayar shinkafa a manne a gashin gindi. Iri ɗaya ta hanyar haɗiye ƙuma take shiga, wani irin kuma ta cin ɓera. Saboda haka wanda ya ba da maganin tsila bai kashe ƙuma ba, ya share ɗaki ne ya bar taga a buɗe ana iska. Ban da waɗannan, akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani sai da madubin likita, irin su koksidiya da jiyadiya, masu kawo zawo mai majina, wani lokaci da jini, musamman inda aka tara 'ya'ya da yawa a wuri mai danshi. Ba kowane maganin tsutsa ne ke taɓa su ba, don haka ne likita ke cewa a kawo masa ɗan kashin ya duba. Ba son ƙazanta ba ne.

Ka'idar ba da maganin tsutsa mai sauƙi ce. A fara tun suna mako 3, a maimaita kowane mako 2 har bayan yaye, a kuma haɗa da uwar. Firantel da fenbendazol su ne aka fi amfani da su, kuma gwargwadon nauyi ake bayarwa, ba da ƙiyasin ido ba.

A nan ina so ku ajiye dariya, domin maganar ta bar kan kyanwa ta dawo kan ƙannenmu. Kyanwa tana binne kashinta, a ina? A ƙasa mai taushi. Tulin yashin da aka sauke don gini, gindin bishiyar tsakar gida, gefen makwarara, wurin da ake ajiye randa. A nan kuwa yara ke rarrafe, a nan suke tuwon ƙasa. Ƙwan macijin cikin nan yakan ɗauki 'yan makonni a ƙasa kafin ya zama mai cutarwa, daga nan kuma ya iya yin shekaru a wuri mai inuwa da laima. Idan yaro ya haɗiye shi, tsutsar ba ta girma a hanjinsa, sai ta ɓace hanya ta riƙa yawo a hanta da huhu, wani lokaci ta shiga ido ta raunana gani. Wani masani Ba'amurke mai suna Paul Beaver da abokan aikinsa su ne suka bayyana wannan ciwo a jikin yara a 1952. Tsutsa mai ƙugiya kuwa takan huda fatar ƙafa ta bar wani jan layi mai karkacewa da ƙaiƙayi. Sa'an nan ga toksofilasma, wadda Nicolle da Manceaux suka fara gani a Tunis a 1908, amma sai a 1970 aka tabbatar cewa a hanjin kyanwa take kammala rayuwarta. Ƙananan kyanwoyi ne suka fi zubar da ita, na mako 1 zuwa 3 bayan sun kamu. Ga yawancin mutane ba ta yin kome, amma idan mace ta fara kamuwa da ita tana da juna biyu, tana iya taɓa ƙwaƙwalwa da idon abin da ke cikinta. Kada wani ya koma gida ya ce Likita ya ce a kori kyanwa. Ƙwayar ba ta iya kama mutum sai kashin ya kwana 1 zuwa 5 a waje, kuma naman da bai dahu sosai ba ma hanya ce babba. Abin yi shi ne a kwashe kashin kullum, mai ciki kada ta zama ita ce mai kwashewa, a rufe tulin yashi, a wanke wa yara hannu da sabulu kafin cin abinci.

Akwai wata cuta da zan ambata a gurguje, ba don ƙanƙantarta ba, sai don abin da za a faɗa a kanta kaɗan ne. Ita ce annobar hanjin kyanwa, fanlukofiniya. Ƙwayar bairos ce, 'yar'uwar wadda ta ɓulla a karnuka a 1978. Tana cinye fatar cikin hanji, ta kuma karya fararen ƙwayoyin jini. Ɗan kyanwa ya ƙi abinci, ya yi zazzaɓi, ya tsuguna a bakin kwanon ruwa ya kasa sha, sai amai, sai gudawa mai ɗoyi, cikin kwana 2 ko 3 a rasa shi, gobe ɗan'uwansa. Sau da yawa a kan ce guba aka ba su, a yi ta zargin makwabci. Ƙwayar tana iya shekara guda a daɓen ɗaki da ranta. Ruwan bilic na wanki, kashi 1 cikin ruwa kashi 32, a bar shi minti 10, shi ke kashe ta. Babu maganin da ke kashe ta a jiki, sai ƙarin ruwa da jinya. Amma tana da allurar rigakafi mai kyau, ana farawa daga mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa har mako 16.

To, ga abin da ya sa wasunku suka zo, na sani, fitar baya. Wata rana da damina wani yaro ya zo mini a kan keke da kwali a ɗaure a baya. Ɗan kyanwa ne mai kamar mako 7, ga wani jan nama kamar ɗan yatsa ya fito masa ta dubura. Na tambaye shi tun yaushe, ya ce jiya da azahar. Me aka yi masa? Ya ce kaka ta ce basir ne, ta gasa wurin da tsumma mai zafi ta shafa man zafi. Na ce masa kakarsa ta yi abin da ta sani, amma ya gaya mata cewa kyanwa ba ta yin basir irin namu. Abin da ya fito ɗin ƙarshen hanji ne ya juye ya zazzago, kamar yadda hannun riga ke juyewa in an tuɓe ta da sauri. Ba ciwo ne mai zaman kansa ba, sakamako ne. Gudawa ko tsutsa ko taurin kashi ne ke sa ɗan ya yi ta yunƙuri, naman da ke riƙe da hanjin kuwa bai yi ƙwari ba, sai ya saki. Da zarar ya fito, bakin dubura yakan shaƙe shi, jini ya shiga ya kasa komawa, ya kumbura, ya bushe, daga ja ya koma shuɗi-shuɗi, daga nan baƙi. In ya yi baƙi ya mutu, sai yanka. Da damina kuma ƙuda ba ya jira, kafin kwana ɗaya ya yi ƙwai a wurin.

Abin da mai gida zai yi kaɗan ne, amma shi ne ke raba tsakanin ɗinki ɗaya da tiyata. A wanke wurin da ruwan ɗumi mai tsabta da aka sa wa ɗan gishiri. A lulluɓe shi da auduga ko tsumma mai laushi a jiƙe, kada a bari ya bushe ko na minti kaɗan. Ruwan sukari mai kauri yana jan kumburin ya saɓe, ana iya jiƙa audugar da shi. A hana shi lasa. A kai shi wurin likita ran nan, ba gobe ba. Kada a tura shi ciki da tsinke ko da ƙarfin yatsa, kada a gasa, kada a ɗaure da zare don ya tsinke. Shi likita zai fara tantancewa ne, domin akwai wani ciwon mai kama da wannan, inda hanji daga can sama yake shigewa cikin ɗan'uwansa har ya leƙo waje, wannan kuwa sai an buɗe ciki. In fitar baya ce ta sosai kuma naman na da rai, sai a sa dabbar barci, a mayar da shi a hankali, a yi wani ɗinki zagaye da bakin dubura irin na bakin zira, a tsuke shi daidai yadda kashi mai laushi zai wuce amma hanji ba zai wuce ba, a bar shi kwana 5 zuwa 7. Na yaron nan Allah ya taimaka, ƙunar ba ta yi zurfi ba. Muka mayar, muka ɗinke, muka ba da maganin tsutsa. Kwana 2 bayan haka yaron ya dawo mini da abin da ya fita daga cikin ɗan kyanwar a cikin gwangwani, wai in gani da idona. Da mun mayar da hanjin mun bar tsutsotsin, da mako bai zagayo ba zai sake fitowa.

Wani abin kuma da ya shafi garinmu musamman. Daura gari ne na masu ɗinkin hula da teloli, kusan kowane zaure akwai zare a ƙasa. Ɗan kyanwa yana wasa da zare, harshensa kuwa yana da ƙananan ƙayoyi masu fuskantar baya, abin da ya shiga ba ya iya tofarwa. Kan zaren yakan naɗe a gindin harshe, sauran ya bi hanji, hanjin ya tattare a kansa kamar wando a kan mazagi, zaren ya riƙa yankarsa. Idan kuka ga zare yana leƙowa daga duburar kyanwa, don Allah kada ku ja. Ja ɗaya yana iya tsaga hanji a wurare da yawa. A bar shi yadda yake a nemi likita. Akwai kuma wanda ake haifa ba shi da ƙofar dubura sam. Ba shi da yawa, amma duk wanda ya ga ciki yana ta girma ba kashi, ya ɗaga wutsiya ya duba.

Na bar maganar magunguna zuwa yanzu don ta fi zama a ranku. Yawancin 'ya'yan kyanwar da suka mutu a hannun masu ƙaunarsu, da magani aka kashe su. Farasitamol, watau abin da ke cikin Panadol, guba ne ga kyanwa, domin hantarta ba ta da abin sarrafa shi. Ƙwaya ɗaya ta giram rabi tana iya kashe babbar kyanwa, balle ɗa. Fuska ta kumbura, dasashi ya koma ruwan ƙasa, numfashi ya gagara. Dettol da Izal da muke wanke ƙazanta da su, ita takan taka ta lashe ƙafa, su ƙone mata baki su taɓa hanta. Allurar ibamektin da ake sayarwa a kasuwar dabbobi, an haɗa ta ne da ƙarfin da ya dace da sa mai kilo 300, kuskuren ɗigo kaɗan ya isa ya kwantar da dabba mai rabin kilo. Maganin ƙuma na karnuka da feshin sauro, haka. Wanda kashi ya yi wa tauri kuma, kada a ɗura masa man gyaɗa ko wani mai ta baki, yakan bi ta huhu. A ƙara masa ruwa, a shafa masa ciki da gindi da auduga mai ɗumi, in ya wuce kwana 2 a kai shi a duba. Mai gudawa da ya yi laushi, bayan an ɗumama shi, a shafa masa ɗan zuma ko ruwan sukari a dasashi, a ba shi ruwan gishiri da sukari irin na yara ɗigo-ɗigo a kan hanyar zuwa asibiti.

Na san abin da ke ran wasunku: wane asibitin? Tambaya ce mai kyau. Aikin likitan dabbobi a ƙasar nan a kan shanu aka gina shi. Cibiyar bincike ta Vom, wadda aka kafa a 1924, ciwon bushiya ne babban dalilinta, kuma an yi nasara, tun da a 2011 aka shelanta cewa an kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya. Tsangayar likitan dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ta daɗe tana yaye likitoci, tana kuma da asibitin koyarwa da ke karɓar ƙananan dabbobi, haka ma ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Amma yaro mai kwali a bayan keke ba zai kai Zariya ba. Abin da na zayyana muku a yau, in an ɗebe tiyata, ba ya bukatar kome sai ma'auni ƙarami, da madubin likita guda, da kwalbar firantel, da firjin ajiye rigakafi, da malamin dabbobi wanda ba zai yi dariya ba in an buɗe kwalin. Ku da kuka kama aiki a ƙananan hukumomin Daura, Zango, Baure, Sandamu da Mai'aduwa, wata rana takardar kasafin sashen gona za ta biyo ta teburinku. Ku duba ko akwai layin waɗannan abubuwa, in babu ku tambayi dalili. Ku kuma masu karatun aikin asibiti, in an kawo muku yaro mai tari da kumburin hanta wanda aka rasa kansa, ku tambayi uwar inda yake wasa, da abin da ke kwana a wurin.

Malam Shugaba, na ga kana duban agogo, ladan kuma ya kusa. Akwai audugar da sirinjin a nan kan tebur, wanda yake so in nuna masa yadda ake riƙe ɗan kyanwa wajen ba shi madara, ya same ni bayan salla.